Farin Bokitin da Anti Lami Ta Hana a Binne

Sallama ga duk mai majinyaci a hannu, musamman wanda za a shiga da nasa ɗakin tiyata. Sunana Hajara, ɗinki nake yi a Kontagora, kuma a gidanmu an san ni da baki. Yayana Garba ne ya yi wannan jinyar. Yau yana nan da ransa, ɗazu ma ya wuce ta ƙofar shagona a kan babur, ya danna mini hon bai ko tsaya ba. Na zauna na rubuta ne saboda abin da ya kusa cin ransa bai wuce wani abu da muke yi da kyakkyawar niyya ba, kuma na san ba gidanmu kaɗai ake yin sa ba.

Sai na fara da mutum biyu, in ba haka ba labarin ba zai zauna ba.

Ta farko matar Yaya ce, Anti Lami, maman 'yarsa Halima. 'Yar Dukku ce, Hausarta ma a gidan miji ta nuna, har yau in ta yi sauri harshensu yakan leƙo. Na sha tsokanarta a kan haka, ita kuwa sai ta yi murmushi ta ci gaba da tankaɗenta. Mace ce marar hayaniya. In kana neman wanda za ka yi faɗa da shi ka samu sauƙin zuciya, kada ka je wurinta, za ka dawo da kayanka.

Na biyu Baffa Mamman, ƙanin mahaifinmu. Tun da Baba ya rasu shi ne ubanmu, shi ya riƙe Yaya, shi ya nema masa aure. A unguwarmu in an yi rasuwa Baffa ake fara bugawa ƙofa. Shi ke wanka, shi ke yanka likkafani, shi ke nuna wa samari inda za su haƙa, kuma bai taɓa karɓar ko ƙwandala ba. Ba gawa kaɗai ba. Injin niƙa ya taɓa cinye wa wani mutum yatsu, Baffa ne ya tattara su a farin ƙyalle ya kai maƙabarta. A wurinsa jikin ɗan Adam yana da alfarma ko da guntu ne, ba a yar da shi a bola, ba a bar wa kare. Tsakaninsa da Anti Lami kuwa akwai kunyar surukuta irin ta da. Tun da ta shigo gidanmu ban taɓa jin ta haɗa jimla biyu a gabansa ba. In ya yi sallama, ta durƙusa daga nesa, ta gaida shi kanta a ƙasa, ta shige ɗaki.

Ciwon ya fara ne da damina. Yaya yana noman doya da masara a wajen Kaboji, sai ya riƙa ganin jini in ya zaga. Kowa ya ce basir ne. A garin nan ko ciwon kai ka yi, sai an samu wanda zai ce basir ne ya hau sama. Babu motar masu magani mai lasifika da ba a tare ba ranar kasuwa. Ya sha jiƙo, ya sha gari a kunu, ya zauna a ruwan zafi da sassaƙe. Ni dai abin da na lura da shi wanduna ne. Anti Lami ta kawo mini na rage ƙugu, ba a jima ba ta sake kawo su na sake ragewa. Na ce mata, "Anti, ko dai ba kya ba shi abinci ne?" Ba ta yi dariya ba ranar.

Da kaka ta yi, cikinsa ya ɗaure gaba ɗaya. Ba bayan gida, ba tusa, ciki ya kumbura, sai amai. Aka kwashe shi zuwa wani asibitin kuɗi, suka ce hanji ne ya toshe, aka shiga da shi aiki a gaggauce. Ni ina jego a lokacin, labari kawai nake samu a waya. Aiki ya yi kyau, an yanke wani ɓangare na hanjin an haɗe sauran. Da aka fito, wata ma'aikaciya ta miƙa wa Baffa robar fenti mai murfi, ta faɗi wata magana a tsaye game da kaiwa a duba, ta juya ta tafi. Ba ta ce ina ba, ba ta ce don me ba. Baffa ya ɗauka an nuna masa abin da aka ciro ne, kamar yadda ake nuna wa mutum haƙorinsa. Ya naɗe robar a farin ƙyalle, ya kai gefen maƙabarta ya binne. Da na ji, ni ma cewa na yi Allah ya saka wa Baffa. Babu wanda ya ga laifin hakan a cikinmu, ko mutum ɗaya.

Yaya ya warke sumul. Ya mayar da jikinsa, na saki ƙugun wandunan, ya yi noman damina guda cikakkiya. Muka manta.

Sai ga gajiya. Ya dawo daga gona tun rana ba ta yi tsaka ba, ya kwanta. Abinci ya fita ransa, ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama yana yi masa nauyi. Aka yi hoton ciki a nan gari, mai hoton ya daɗe yana yawo da abin a wuri ɗaya, sannan ya ce akwai ƙulli biyu a hanta, mu tafi babban asibitin koyarwa. Asibitin ba a jiharmu yake ba. Wanda ya san hanyoyinmu ya san me ake nufi da a ɗauki marar lafiya a mota a yi wannan tafiyar.

Ina da ƙorafi a kan wannan asibiti kuma zan faɗe shi. Layin yankar kati kaɗai ya isa ya ƙara wa mutum ciwo. A tura ka wannan taga, a ce ba nan ba ne, ka koma can, ka tarar mai wurin ya fita. Akwai wata a wurin karɓar kati da in ka yi mata tambaya sai ta dube ka kamar kai ka ɗora wa kanka cutar. Na yi cacar baki da ita har mutane suka taru. Anti Lami ta ja mini hijabi ta ce, "Hajara, gobe ma wurinta za mu dawo." Haka kuwa aka yi.

Amma likitan da aka haɗa mu da shi, Allah ya yi masa albarka. Mutum ne siriri mai sanyin murya, ba Bahaushe ba ne amma yana jin Hausa sosai. Ya duba hotunan, ya duba tabon cikin Yaya, sai ya ce, "Malam Garba, ina sakamakon gwajin naman da aka cire maka?"

Muka dubi juna. Anti Lami ce ta amsa, a hankali. "An binne shi, Likita."

Na zaci zai yi mana faɗa. Ajiye bironsa kawai ya yi, ya ɗan jingina da kujera. Ya ce ba mu ne na farko ba. Ya ce abin da ya toshe hanjin nan kusan tabbas ciwon daji ne, kuma shi ne ya bi jini ya sauka a hanta. Da an kai naman ɗakin gwaji, da an san sunan ciwon tun a lokacin, da an ba shi magani, da an riƙa bibiyarsa. Ya ce, "Ba zan rantse muku cewa da bai yaɗu ba. Amma da muna tsaye muna jiran sa."

Baffa ba ya cikin ɗakin nan. Kuma da muka koma gida babu wanda ya iya buɗe baki ya gaya masa. Yaya ma cewa ya yi a bar maganar, tsoho ne, kada a sa masa damuwa.

Aka yi gwaje-gwaje, aka zura kyamara ta ƙasa aka ga hanjin lafiya lau, aka tsaga ɗan nama daga hantar aka tabbatar. Likita ya ce akwai sa'a a cikin abin, ƙullin biyu ne kawai kuma suna inda wuƙa za ta iya kaiwa. Amma sai an fara da allurar ciwon daji, wadda ake sawa a ƙarin ruwa, don su ɗan motse. Watannin nan ba na fatan su ga maƙiyi. Aka sayar da masarar da aka ajiye, aka sayar da shanun huɗa. Bayan kowace allura Yaya ya yi kwanaki yana amai, bakinsa ya yi gyambo. Abin da ya fi ba mu mamaki sanyi ne. In ya taɓa ruwan randa sai ya janye hannu kamar wuta ta ja shi, in ya kurɓa ya ce maƙogwaronsa ya shaƙe. Daga nan Anti Lami ta mayar da ɗumama ruwa aikinta. Kowace sallah akwai buta mai ɗumi a ƙofar ɗakinsa, ko a gida, ko a barandar asibiti inda take hura ɗan gawayi a bayan gini tana ɓoyewa masu gadi. Ban taɓa jin ya nemi ruwan alwala ya jira ba.

Masu shawara kuwa ba su huta ba. Nonon raƙuma, ganyen gwanda, wani malami a Kumbashi da aka ce yana ciro ciwo ba tare da yanka ba. Wadda ta fi yawa ita ce kada a yarda ƙarfe ya taɓa ciwon daji, wai in ya ji wuƙa haukacewa yake yi. Ni ina mayar musu da martani ɗaya bayan ɗaya har na yi baƙin jini. Anti Lami kuwa kowa ya kawo ƙullinsa sai ta karɓa hannu biyu ta yi godiya, ta zuba a wata tsohuwar tukunya a bayan ɗaki ta rufe.

Ana gab da aiki likita ya zaunar da mu, ni da Yaya da Anti Lami. Ya tambayi Yaya me yake nomawa. Ya ce doya.

"To in ka fere doya ka tarar da ruɓa a ciki, yaya kake yi?"

"Ina yanke wurin."

"Daidai bakin baƙin kake yankewa?"

Yaya ya yi ɗan murmushi, na farko a makonni. "A'a. Sai na ɗan shiga cikin farin, in ba haka ba ɗacin yana nan."

"Shi ke nan aikina," in ji likita. "Zan ciro ƙullin tare da lafiyayyar hanta ta zagaye shi. Wannan lafiyayyen gefen muna ce masa majin. Matsalar ita ce idona ba ya iya tabbatarwa ko na wuce ciwon. Sai an kai naman ɗakin gwaji, an yi masa yanka siri-siri, an duba bakin yankan da madubin likita. Su ne za su gaya mini ko na kwashe duka, ko na bar wani abu a jikinka. In ban ji daga wurinsu ba, a duhu zan ci gaba da yi maka magani."

Majin. Kalmar ta zauna mana a baki tun daga ranar, har yara a gida suka iya ta.

Ranar aiki dangi sun zo, an ba da jini, Baffa ma ya yi wannan doguwar tafiyar duk da ciwon gwiwarsa. Muka zauna a benci a ƙofar ɗakin tiyata tun safe har rana ta karkata. Baffa bai ci komai ba, carbinsa kawai yake ja. Can likita ya leƙo da hularsa ta aiki ya ce an gama lafiya, an ciro duka biyun, Yaya bai farfaɗo ba tukuna. Muka yi ta hamdala. Bayansa wata nas ta fito da farin bokiti mai murfi da takarda a kai, ta ce, "Ina masu Garba? A kai wannan ɗakin gwaji, yana can ƙarshen asibiti bayan wurin ɗaukar jini. Ku yi sauri kafin su tashi." A asibitin nan dangin majinyaci ne ke kaiwa da ƙafarsu.

Anti Lami ta riga kowa miƙewa ta karɓa. Sai na ga Baffa ya tashi, ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa, ya zaro farin ƙyalle sabo a ninke. Tun daga Kontagora ya taho da shi.

Bai dubi Anti Lami ba, ni ya duba. "Hajara, karɓo mini."

"Baffa, likita ya ce gwaji za a kai."

"Likita ya yi nasa, Allah ya biya shi. An cire ciwo. Saura namu. Wannan hantar ɗana ce, ba naman mahauta ba, da za a kai wa wasu su yi ta yayyankawa, in sun gama su watsar."

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ai wannan binne-binnen ne ya kawo mu nan! Da ba a binne na farko ba, da yanzu ba mu zo ana tsaga masa hanta ba!"

Har masu jinyar wasu suka juyo. Fuskar Baffa ta canza. Ya ce, "Ni? Ni kike gaya wa na cuci Garba?" Ya tako da kansa ya miƙa hannu wajen bokitin. Mazan da ke wurin duk suka sunkuyar da kai, don babu wanda zai iya shiga tsakanin Baffa da abin da ya sa a gaba.

Sai Anti Lami ta durƙusa. A kan simintin nan da kowa ke takawa, gwiwa biyu, ta rungume bokitin a ƙirjinta da hannu biyu. Ba ta ɗago kai ba, amma muryarta ta fita sarai.

"Baffa, ka yi haƙuri. Ban taɓa yi maka musu ba. Wannan a bar mini shi."

Baffa ya tsaya da hannunsa a miƙe. Ina jin mamakin jin muryarta ya fi komai kama shi.

"Likita ya ce a cikin nan za a gane ko an bar ciwo a jikin baban Halima. In an binne, ba mai sani. Ni ce nake kwana da shi, ni nake jin nishinsa. Ina so in sani."

"Yanka shi za su yi gunduwa-gunduwa," in ji Baffa.

"Eh, Baffa. In sun gama, abin da ya rage zan dawo maka da shi da hannuna. Na yi alkawari."

Matar da ko ido ba ta haɗawa da shi, ga ta ta tare shi a gaban jama'a, kuma babu kalmar raini ko ɗaya a bakinta. Baffa ya daɗe yana kallon saman kanta. Sannan ya ninke ƙyallensa, ya mayar aljihu, ya juya. Bai jira Yaya ya farfaɗo ba, tasha ya nufa. Anti Lami ta tashi ta karkaɗe zanenta, ta ɗora bokitin a kafaɗa, ta ce mini, "Mu je, kada su rufe."

Da Yaya ya dawo hayyacinsa ya tambayi Baffa, sai da aka gaya masa. Ransa bai so ba, mutumin da ya riƙe shi ne. Ya ce, "Lami, Baffa fa? Baffa kika yi wa haka?" Ta ɗebo kunu a cokali ta hura ta ce, "Ka sha, zai huce." A gida kuwa magana ta zagaya. 'Yar Dukku ta tsinka Baffa a bainar jama'a, ta fifita maganar likita a kan ta manya. Wasu matan dangi suka daina kiran wayarta. Ni da na yi rashin kunyar ta gaskiya ba a ko kula ni ba, an saba.

Sakamakon ya ɗauki makonni, har an sallame mu mun koma mun dawo. Ranar da muka shiga, likita bai yi kwana-kwana ba. Ya ce babban ƙullin ya fita da majin mai kyau, fes. Ƙaramin kuwa, wanda ke jingine da wata babbar jijiyar jini, ciwon ya zo har bakin yanka.

Raina ya ɓaci. Na ce, "To Likita, me ya hana ka ƙara shiga cikin farin, kai da ka ba mu misalin doya?"

Bai ji haushi ba. Ya ce ya so ya ƙara, jijiyar ce ta tsaya masa, in ya taɓa ta zai iya rasa Yaya a kan gadon aiki. Ya ce, "Gaskiya ita ce, wanda gefensa ya fita fes ya fi samun damar daɗewa ciwon bai waiwaye shi ba. Wanda ciwon ya taɓa bakin yanka, in zai dawo, sau da yawa daga nan yake fara leƙowa. Rai a hannun Allah yake. Amma yanzu na san inda zan zuba ido, kuma ba zan ɗauke ba." Na ji nauyin mutumin nan. Da ya ga dama da ya ce mana komai lafiya, mu tafi muna murna, wa zai kama shi? Ya mayar da Yaya kan allura, ya kuma matso da lokutan hoto kusa da kusa.

Ni na manta da alkawarin bokiti. Anti Lami ba ta manta ba. Duk zuwan da muka yi, sai ta ɓace mini ta tafi ɗakin gwaji. Ma'aikatan suka ce ba a saba ba, su kan ajiye ragowar na wani lokaci ne sannan a kawar. Ta ce ta ji, a taimaka. Suka ce sai da sa hannun likita, ta samo. Suka ce mai makullin ba ya nan, ta zauna a ƙofa. Ranar da suka ba ta, na ga wani dattijo a cikinsu ya rako ta har waje yana girgiza kai yana dariya.

Muka shigo Kontagora da la'asar, ba ta ko biya gida ba, sai zauren Baffa. Tun ranar asibiti bai taka gidan Yaya ba, sai dai ya aiko a tambayi jiki. Ta durƙusa daga bakin ƙofa inda ta saba, ta tura bokitin gabansa.

"Baffa, ga alkawari."

Ya buɗe murfin. Naman yana cikin wani ruwan magani mai yaji, an yi masa yanka-yanka, ya yi fari-fari. Idanun Baffa suka kawo ruwa. Ya ce maganin nan da ƙarfi yake, ni kuwa ban musa ba. Ya rufe, ya ce, "Me suka gani?" Kai tsaye ita ya tambaya.

Ta gaya masa, da Hausarta, ba ragi ba ƙari. Ɗaya ya fita duka, ɗaya an bar ɗan saura a gefe, yanzu likita ya san wurin yana gadinsa.

Baffa ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Na farkon nan. Da an kai, da sun gani?"

Amsar tana kan harshena, na ma buɗe baki. Anti Lami ta riga ni.

"Allah ne ya sani, Baffa. Ba wanda ya gaya maka."

Na haɗiye tawa. Ban taɓa ganin an ɗauke wa mutum kaya daga ka da 'yan kalmomi haka ba. Baffa ya tashi ya shiga ciki, ya fito da ƙyallen nan, yana nan a ninkensa. Kafin magariba ya binne hantar ɗansa yadda ya so, washegari kuma ya zo duba Yaya da kansa.

Maganar likita ta tabbata. Bayan wasu watanni hoto ya nuna ɗan ƙulli, daidai wurin da yake gadi, ƙarami ƙwarai, tun Yaya bai ji komai a jikinsa ba. Allurar ta sa wurin ya ɗan janye daga jijiyar, likita ya ce wannan karon yana ganin hanya. Aka sake shiga aiki. Muka sake zama a bencin nan, Baffa yana gefe da carbinsa. Da nas ta fito da 'yar roba, wannan karon ƙarama, ta ce ina masu Garba, sai Baffa ya miƙe ya zaro farin ƙyalle daga aljihu. Na dafe ƙirji. Ya karɓi robar, ya naɗe ta a hankali kamar yadda yake naɗe duk abin da yake girmamawa, ya juyo ya ce, "Lami, shige gaba ki nuna mini hanya." Haka suka ratsa asibitin, tana gaba yana biye yana ɗingishi. Da suka isa ya ajiye a kan teburin ma'aikacin ya ce, "Ku duba da kyau. In kun gama, nawa ne."

Sakamakon ya fito majin fes, ko'ina. Likita bai ce mana an gama ba, har yau muna zuwa hoto, kuma duk ranar da za a je ba na iya cin abinci. Yatsun Yaya ba su daina dindiris ɗin da allurar ta bar musu ba, shanun huɗa ba su dawo ba. Amma damina biyu ke nan yana saka doyarsa, ni kuma na sake sakin ƙugun wanduna.

Don haka ina roƙon duk wanda aka miƙa wa roba ko bokiti a ƙofar ɗakin tiyata, ya tsaya ya tambaya ina za a kai, ya kai, ya koma ya karɓi sakamako ya nuna wa likita. In ma'aikacin ya yi maganar a tsaye ya wuce, a bi shi a sake tambaya. Binnewa ba ta ɓaci, ana iya yin ta daga baya.

Kwanan baya ina zauren Baffa na kawo masa ɗinki, sai ga wani maƙwabcinmu ya yi sallama da baƙar leda a hannu. An cire wa matarsa ƙulli a mama, ya kawo a binne. Baffa bai ko miƙa hannu ba. Ya ce, "An kai gwaji?" Mutumin ya ce wane gwaji kuma, ai an cire.

Baffa ya jawo takalmansa ya miƙe. "Riƙe kayanka da kyau," ya ce. "Zo mu je wurin 'yata Lami, ita ta san hanya."